Shekarar da Na Daina Yi wa Innarku Shaida

Akwai abin da kuka gani da idonku a gidanmu na Gwadangaji, kuka fassara shi yadda kuka iya, ni kuma ban taɓa gyara muku ba. Kun ga mahaifiyarku tsugune a bakin rariya tana kuka, tana roƙona kalma ɗaya, ni ina zaune na hana ta. Rabi, ke ce babba, ke kika gani sosai, kuma ke kika faɗa mini maganar da har yau ba ki janye ba. Yanzu gwiwa ta raba ni da kasuwa, Innarku kuma ta ce in rubuta, ta gaji da ɓoyo. To ga yadda abin ya kasance.

Ni dillalin albasa ne, kun sani. Da dako na fara a Argungu, buhu a ka, daga bakin fadama zuwa inda motoci ke lodi. Ban gaji gona ba, ban gaji allo ba. Jarina duka ido ne da magana ɗaya. Idan na dubi buhu na ce lafiya yake har gindi, mai mota daga kudu ba ya kwancewa, ɗauka yake yi. Da wannan na gina gida, da shi kuma na auri Balkisu, 'yar gidan malamai, wadda take karanta littattafan da ni ko riƙe su daidai ban iya ba. Yayanta Malam Sahabi, kawunku, bai taɓa wulaƙanta ni ba, amma duk lokacin da na zauna a zaurensa sai in ji kamar har yanzu akwai gammo a kaina.

Abin ya fara ne bayan rasuwar kakarku. Innarku ta yi kwanakin zaman makoki a Argungu, ta dawo, sai alwalarta ta ƙara tsawo. Da farko ba wanda ya ga aibi. Matan unguwa suna cewa Hajiya Balkisu ta ƙara tsoron Allah. Malam Sahabi da ya ji labari ya yi murmushi ya ce gado ne, haka tsohuwa take da tsantseni. Ni kuwa har alfahari nake yi da shi a rumfa. Da buta ɗaya ta daina isa, na sayo ta biyu. Da ta ce waccan ta taɓa ƙasa, na sayo sabuwa. Da ruwan famfo ya gaza mu a bazara, na sa tanki na biyu, na yi magana da 'yan garuwa su riƙa kawo mana kura safe da yamma. Haka na iya magance matsala tun ina saurayi: in abu ya gaza, a ƙaro.

Wata rana da azahar ta kira ni. Ta ce in tsaya in duba mata, tana jin kamar tana barin lam'a, wato wurin da ruwa bai taɓa ba. Na ja kujera 'yar tsuguno na zauna. Ta wanke hannu, na ce ya wanku. Ta wanke fuska, na ce uku ke nan. Ta shafi kai, ta wanke ƙafa, na ce ba abin da ya saura. Ta tashi fuskarta a sake, ta yi salla, ta yi mini addu'a. Daga ranar na zama shaidarta. Zan faɗa muku abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: daɗi na ji. 'Yar malamai tana neman tabbaci wurin tsohon ɗan dako. Idona da ake yarda da shi a kan albasa ya sami aiki a kan addini. Azahar na yi sai in bar rumfa in hau keke napep in dawo gida, la'asar ma haka. Tafiyar Argungu lokacin kakar albasa, wadda ba ta taɓa wuce ni ba, na riƙa wakiltawa. Kusan shekara biyu muna haka, kuma ban lura ba cewa "ya wanku" ɗaya ta koma biyar, biyar ta koma abin da ba na ƙirgawa.

Wadda ta buɗe mini ido Bayarabiya ce, Iya Sikira, mai sayar da robobi a babbar kasuwar Birnin Kebbi. Ta fi shekara talatin a garin, bakinta ba ya da linzami. Na je sayen buta, ta riƙe ta ƙi sakar mini.

"Alhaji, masallaci ka buɗe a gida? Ko butocin haihuwa suke yi, kana kai musu miji?"

Na yi dariya, na ba ta labarin tsoron Allahn matata, ina jiran yabo. Ba ta yi dariya ba. Ta ce tana da 'yar'uwa a can garinsu da ta yi irin wannan da wankin hannu, kuma ba malami ya warkar da ita ba, asibiti ne. Ta ce in je gida in dubi hannun Hajiya, ba wurin da ruwa ya taɓa ba, hannun kansa.

Na koma gida raina a ɓace. Da la'asar na zauna a kujerata kamar kullum, amma wannan karon na duba. Shekara biyu ina kallon hannun nan sau biyar a yini ban gan shi ba. Fatar ta tsage tsakanin yatsu, ta yi fari kamar kifin da ya kwana cikin ruwa, wuyan hannu ya yi ja yana tsattsafo da jini. Na ɗaga kai na ga inuwa ta cinye tsakar gida, ita kuwa tana kan fuska karo na ban san adadi ba. Muna nan har ladan ya kira magariba, ba ta yi la'asar ba. Da, ina gama cewa ya wanku sai in wuce masallaci in barta, ban san tana sake farawa bayan na fita ba. Na tambaye ta tun yaushe.

"Na hi wata huɗu ban samu salla cikin lokacinta ba, Alhaji," ta ce, ba ta dube ni ba.

Na ji kamar an ɗora mini buhu a ƙirji. Abin da muke yabo da sunan ibada, shi ne ya raba ta da ibadar.

Asibiti muka je don hannun. Likitan fata ya rubuta man shafawa, ya yi 'yan tambayoyi, sai ya ce mu wuce sashen ƙwaƙwalwa. Na ce masa matata ba ta taɓa jifan kowa ba, ba ta cire zane a titi ba. Ya ce ba duk mai zuwa can ne ya yi haka ba. Innarku ce ta ja mini hannun riga ta ce mu je, ita ta gaji. Likitan ƙwaƙwalwa, wani dattijo mai magana a hankali, ya saurare ta kusan awa guda. Ya ce cuta ce sananniya, tunani ne ke maƙale wa mutum, ya tilasta masa maimaita abu don ya sami sauƙi, kuma tana kama mai salla da wanda ba ya yi. Ya rubuta ƙwaya, ya ce sai ta yi makonni kafin a ji aikinta. Ya ce ƙwayar za ta rage zafin fargabar, amma ba za ta koya wa Hajiya tashi daga bakin rariya ba. Wannan aikin wata mata ne a ɗaki na gaba, mai gyaran tunani da ɗabi'a, kuma su biyun tare suke aiki, kowa da gefen da yake riƙe.

Ɗakin ba allura, ba na'ura. Kujeru uku, takarda da biro, da wata mata da ba ta fi sa'ar Rabi ba. A raina na ce wannan me take sayarwa? Na saba da masu sayar da iska a kasuwa, sai na zauna ina jiran inda za ta kama mu. Ba ta yi wa'azi ba, ba ta yi lallashi ba. Tambaya kawai take yi. Ta ce Mama, idan aka bar lam'a, me zai faru? Innarku ta ce alwala ba ta yi ba. Sai me? Salla ba ta yi ba. Sai me? Nan Innarku ta faɗi abin da ban taɓa ji ba. Ashe tana cikin matan da suka yi wa mahaifiyarta wanka. Bayan an fita da gawa, wata gwaggo ta ce cikin hira kamar an yi gaggawa. Kalmar nan ta shiga kanta ta zauna. Ta riƙa ganin ta sallami uwarta da wanka mai naƙasu, kuma abin da ya rage ta yi mata shi ne addu'a, addu'ar kuma ba za ta isa ba in sallar ba ta inganta ba. Duk ruwan da na saya, kakarku ake ta wankewa. Ina kwana ɗaki ɗaya da matar nan, ban sani ba.

Ma'aikaciyar ta tambaye ta, in da Rabi ce ta yi alwala irin wadda take yi a karon farko, za ta ce mata ta sake? Innarku ta ce a'a, ta yi. Ta ce to me ya sa doka ɗaya ga Rabi, wata ga Mama? Ba ta jira amsa ba, ta ce ta tafi da tambayar gida. Sannan ta juyo kaina. Ta sa na ba ta labarin kujera 'yar tsuguno, na bayar da ɗan alfahari, ina tsammanin za ta ce samun miji irina sai an tona.

"Alhaji, ranar farko da ka ce mata ya wanku, hankalinta ya kwanta na tsawon wane lokaci?"

Na ce har washegari.

"Yanzu fa?"

Innarku ce ta amsa, ta ce kafin ta ajiye buta.

Ma'aikaciyar ta ce mini, "To amsarka tana cikin abin da cutar ke ci. Ba laifinka ba ne, ƙauna ce. Amma in muna son Mama ta tashi, sai ka daina."

Ban taɓa jin maganar da ta buge ni haka ba. Na shigo a matsayin mai jinya, aka ce ina cikin ciwon. Na so in tashi in fita. Abin da ya zaunar da ni, wata ƙa'ida ce tawa ta kasuwa da ta faɗo mini a take. Akwai mai saye da zai ce a kwance buhu ya gani, a kwance, a ɗinke, ya yi taku uku ya dawo ya ce a sake. Tun ina yaro na gane cewa in ka sake masa, ka rasa shi, domin kwancewa ta biyu ba ta kashe kokwanto, ta uku take haifarwa. Shi ya sa a rumfata buhu sau ɗaya ake kwancewa. Na san wannan shekara arba'in a kan albasa, na zo gida ina kwance wa matata buhu sau ɗari a yini.

Ba a yi mata dole ba, wannan ku riƙe shi da kyau. Ita da ma'aikaciyar suka tsara abin mataki-mataki, duk mako muna komawa. Aka fara da rage butoci. Aka ce ta riƙa rubuta ƙarfin tsoronta daga ɗaya zuwa goma lokacin da ta gama alwala, ta zauna da shi ba tare da ta sake ba, bayan ɗan lokaci ta sake rubutawa, don ta gani da idonta cewa yana sauka da kansa. Da ajami take rubutawa a wani ɗan littafi da take ɓoyewa cikin hijabi. Da aka zo kan shaidata, ita ta zaɓi abin da zan riƙa faɗa: "Mun yi alkawari, Hajiya." Ta ce ko ta yi kuka, ko ta haɗa ni da Allah, kada in ƙara kalma. Ta kuma sa ni wani alkawarin, cewa 'ya'ya ba za su san an je sashen ƙwaƙwalwa ba. Rabi ba ta daɗe da aure a Badariya ba, ƙannenta biyu suna gida, kun kuma san bakin mutane.

Ranar da aka cire shaidar azahar, Allah ya kawo Rabi wuni da jaririnta. Rana ta buɗe sosai, simintin tsakar gida yana ƙona tafin ƙafa. Innarku ta yi alwala da buta ɗaya, tsaf, ina gani. Ta miƙe, ta yi taku biyu, ta dawo ta tsuguna. Ta ce Alhaji, gwiwar hannun nan. Na ce mun yi alkawari, Hajiya. Ta ce ɗaga mini kai kawai, ba sai ka yi magana ba. Na maimaita. Gumi yana zuba mata, ta ce don girman Allah, don darajar iyayenka, kalma ɗaya. Kalmar tana bakina, gaskiya ce kuma, na ga ruwan ya bi gwiwar. Na riƙe ƙafar kujera da hannu biyu don kada kaina ya motsa. Sai Rabi ta fito daga ɗaki.

"Baba, ban san ba ka da imani ba sai yau."

Na dubi Innarku, ko za ta warware mini alkawari na biyu. Ta girgiza kai a hankali tana kuka. Na haɗiye maganar. Rabi ta goya ɗanta ta fita ba sallama. Innarku ta yi azahar ranar cikin lokacinta. Da yamma ta nuna mini littafin: goma, sannan bakwai, sannan huɗu.

Rabi ta kira kawunta a waya. Washegari da hantsi sai ga Malam Sahabi daga Argungu, ya ƙi zama a kan tabarma, ya ƙi shan ruwa. Ya ce labari ya iske shi cewa ina hana ƙanwarsa kyautata tsarki, ina azabtar da ita a kan ruwan alwala. Ya ce su ba su ba ni ita don haka ba, ta haɗa kayanta, da ita zai tahi. Na san in ta bi shi an koma gidan jiya, domin can almajirai mata da 'yan'uwa za su yi layi suna ce mata ya wanku. Ban da ilimin ja da shi. Sai na yi abin da na gani a ɗakin nan, na yi tambaya. Na ce Malam, fatawa nake nema. Mutum ne kullum in ya yi alwala sai ya ji kamar ya bar wuri, kullum, har lokacin salla ya fita, me ke kansa? Bai ko yi tunani ba, da muryar karatu ya amsa, ya ce wannan shi ne wanda kokwanto ya aura, hukuncinsa ya yi watsi da shi ya wuce, kada ya sake, sakewar ita ke ƙara masa ƙarfi.

Innarku tana bayan ƙofa. Ta shigo zauren, ta durƙusa, ta fito da hannuwanta daga cikin hijabi ta ajiye a gabansa. Ta gaya masa komai da bakinta, har asibitin, har maganar gwaggo.

Ban taɓa ganin fuskar malami ta yi haka ba. Ya zauna a ƙasa, ba a kan tabarmar ba.

"Babin ga na karantar da shi ya hi a ƙirga," ya ce. "Na ji labarinki na ce gado ne. Ni na ce gado ne."

Ya gaya mata hukuncin wankan gawa sau ɗaya, dalla-dalla, ya ce abin da suka yi ya wadatar. Ma'aikaciyar ta riga ta ce jin hukunci daga masani sau ɗaya ba laifi, maimaitawar ce matsala. Ya ci abinci, muka yi azahar. Da zai shiga mota, Innarku ta biyo mu har ƙofa. Na ga abin ya taso mata, na san alamarsa a idonta. Ta ce Yaya Malam, wankan Inna, ka tabbata... Ya buɗe baki zai amsa. Ita ta ɗaga hannun nan mai tsagewa ta tare shi.

"Bari, Yaya. In ka amsa, gobe ma sai na tambaya."

Ta juya ta shige gida. Ni da Malam muka tsaya muna kallon juna a bakin titi.

Ba ranar ta warke ba. An yi watanni, akwai makon da aka koma baya, akwai ranar da ni na kasa jurewa na ɗaga mata kai, na je na faɗa da bakina a asibiti kamar yaron da ya yi ɓarna. Likita ya riƙa duba ƙwayar, daga baya ya rage ta a hankali. Zuwanmu ya koma wata-wata, har aka sallame mu. Malam ya riƙe sirrin, shi ya sa Rabi ta ga kawunta ya koma ba tare da Inna ba, ta ɗauka ni na fi ƙarfinsa. Tun daga nan gaisuwarta gare ni ta gajarta. Kin kula da ni, Rabi, ba ki taɓa gaza mini da komai ba, amma kin daina zama mu yi hira, kuma na san dalili. Na ce wannan shi ne kuɗin kayan, na ɗauka.

Kujera 'yar tsugunon tana nan, ita ce wadda jikokina ke hawa su ɗauko abu a sama. Ranar ƙarshe da na zauna a kanta bakin rariya, ba a kira ni ba, sabo ne ya kai ni. Innarku ta zo da buta ɗaya, ta yi alwala, ta zubar da ragowar ruwan a gindin zogale. Na shirya jimlata a baki, ina jira. Ta wuce ta gabana, ta ɗan tsaya, ta ce:

"Alhaji, ɗaga ƙahwarka, kana tare mani hanya. Kai ba ka da kasuwa yau?"

Na tashi na tafi kasuwa.